Tarar kwanaki

Tarar kwanaki tsari ne na cin tara a kotu wanda ake auna kuɗin da mai laifi zai biya gwargwadon samunsa. A maimakon doka ta yanke wani adadi guda ga kowa, alƙali yakan raba hukuncin gida biyu. Da farko zai dubi girman laifin ya yanke yawan kwanaki, sannan ya dubi aljihun mai laifin ya yanke kuɗin kwana ɗaya. Idan aka ninka biyun, abin da ya fito shi ne tarar. Ke nan mutum biyu da suka yi laifi iri ɗaya kwanakinsu ɗaya ne, amma kuɗin da za su biya yana iya bambanta nesa ba kusa ba. Hujjar da aka gina tsarin a kanta ita ce, tarar da za ta hana leburan kasuwa barci, attajiri ko a jikinsa.

Tarihi

Tunanin ya girmi tsarin da ɗaruruwan shekaru. A yarjejeniyar Magna Carta da Sarki John na Ingila ya amince da ita a 1215, an ce a ci mutum tara daidai da girman laifinsa, amma kada a raba shi da abin da yake ci da shi: a bar wa ɗan kasuwa hajarsa, a bar wa manomi kayan nomansa. Wannan kariya ce ga mai ƙaramin ƙarfi, ba ta kai ga ƙara wa mai hali nauyi ba. Masanin nan na Faransa, Montesquieu, shi ya fito da ɗaya ɓangaren fili a 1748, inda ya kawo shawarar a daidaita tara da dukiyar mutum.

Wasu marubuta suna danganta farkon shigar tsarin cikin doka da kundin laifuffukan daular Burazil na 1830, wanda ya auna tara da abin da mutum yake samu a yini. Amma siffar da aka san shi da ita yau daga arewacin Turai ta fito. Wani malamin shari'a ɗan Suwidin, Johan Thyrén, ya tsara ta a cikin daftarin dokar da ya rubuta wajajen 1916, sai dai maƙwabciya Finlan ce ta riga ƙasarsa aiki da ita a 1921. Ana cewa faɗuwar darajar kuɗi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya na cikin abin da ya ingiza Finlan, domin tarar da aka rubuta da lamba a doka ta zama abin dariya cikin 'yan shekaru, alhali wadda aka ɗaura da samun mutum tana tashi tare da shi. Suwidin ta bi sahu a 1931, Denmak a 1939.

Daga nan sai abin ya lafa a Turai har shekarun 1970. Jamus ta Yamma da Ostiriya sun karɓi tsarin a 1975, kuma a Jamus ya zo ne cikin wani babban gyaran doka da aka yi don rage ɗaurin 'yan watanni, wanda aka ga yana raba mutum da aikinsa da iyalinsa ba tare da ya gyara shi ba. Faransa ta shigo a 1983, Sifaniya a kundinta na 1995, Suwizalan a 2007. Wasu ƙasashen Latin Amurka, irin su Peru da Kuba, sun riga yawancin Turai.

Yadda ake lissafi

A Finlan laifi ɗaya yana ɗaukar kwana 1 zuwa 120. Ana ɗaukar samun mutum na wata bayan an cire haraji, a ɗebe yuro 255 na buƙatun yau da kullum, a raba ragowar gida 60. Wanda yake samun yuro 2,055 kuɗin kwanansa 30 ne, wanda yake samun 12,255 nasa 200. Idan aka yanke wa kowannensu kwana 10, na farko zai biya 300, na biyu 2,000. Ana rage kaɗan saboda waɗanda mutum yake ciyarwa, kuma kuɗin kwana ba ya gaza yuro 6. Ba a sa iyaka ta sama ba. 'Yan sanda suna iya duba bayanan harajin direba tun a bakin hanya, abin da ke sauƙaƙa tafiyar tsarin a can.

A Jamus kwanakin suna tsakanin 5 da 360, kuɗin kwana kuma daga yuro 1 zuwa 30,000. Wanda aka yanke wa fiye da kwana 90, laifin yakan fito a takardar shaidar halinsa, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Faransa ta tsayar da kuɗin kwana a yuro 1,000, Suwizalan a faran 3,000.

Tarar da ta yi suna

Yawancin masu jin labarin tsarin ta gudun wuce kima a Finlan suke jin sa. A 2002 aka ci wani babban jami'in kamfanin Nokia, Anssi Vanjoki, tarar yuro 116,000 saboda ya yi gudun kilomita 75 a awa a kan babur a Helsinki, inda doka ta ce 50. Kotu ta rage ta ƙwarai daga baya, bayan ya nuna samunsa ya ragu. A 2015 ɗan kasuwa Reima Kuisla ya sha tarar kusan yuro 54,000, ya fusata har ya ce yana tunanin barin ƙasar. Ita ma an rage ta. A 2023 aka ci attajiri Anders Wiklöf yuro 121,000 a tsibiran Aland na Finlan. Irin waɗannan su ne jaridu suke ɗauka, amma mafi yawan tarar kwanaki ƙanana ce, a kan masu ƙaramin samu.

Inda bai yi ƙarko ba

Ingila da Wales sun fara aiki da tsarin a kotunan majistare a Oktoban 1992, suka soke shi a 1993. Abin da ya fi tunzura jama'a shi ne labarin mutumin da aka ci fam 1,200 don ya yar da ledar soyayyen dankali a titi. Bai cike takardar bayyana samunsa ba, kotu ta ɗauke shi a matsayin mai hali. Da aka ɗaukaka ƙara tarar ta dawo fam 48. Duk da sokewar, har yau kotunan Ingila suna auna tara da samun mutum na mako, sai dai a laifuka da yawa akwai iyakar da ba a wucewa.

A Amurka an gwada shi a Staten Island ta birnin New York a 1988, sannan a Milwaukee da gundumar Maricopa ta jihar Arizona. Bai yaɗu ba.

Saɓani

Masu goyon baya suna cewa daidaito a gaban doka yana nufin kowa ya ji zafin hukunci iri ɗaya. Masu suka suna cewa laifi ake hukuntawa ba arziki ba, kuma tarar dubban ɗaruruwa a kan ƙaramin laifi ta koma haraji. Akwai kuma matsalar masu dukiya da ba su da albashi, da masu ɓoye samunsu. A Jamus ƙorafin ta wata fuska ya zo: talakawa da yawa, har da waɗanda aka kama sun hau jirgin ƙasa ba tikiti, suna ƙarewa a gidan yari don sun kasa biya. Daga Fabrairun 2024 an rage wannan ɗaurin da rabi, kwana biyu na tara ya koma kwana ɗaya a tsare.

A Najeriya

Babu tarar kwanaki a dokokin Najeriya, ko da yake ana son alƙali ya duba halin mai laifi kafin ya yanke tara. Yawancin jama'a ba su da albashi ko bayanan haraji da kotu za ta dogara da su. Abin da aka saba gani shi ne gwamnoni da masu hali da ƙungiyoyi suna biya wa fursunoni tarar da ta gagare su, musamman a watan azumi da lokacin Sallah.