Hawthorn da Ciwon Zuciya: Yana Aiki Ko Talla Ce Kawai?

Wai shi menene wannan hawthorn ɗin da ake ta tallarsa a intanet?

Itace ne mai ƙaya da ke fitowa a Turai da Asiya da Amurka ta Arewa, Larabawa na ce masa za'arur. 'Ya'yansa ƙanana ne jajaye, da za ka gan shi daga nesa ka ce magarya ce. Mutanen Sin har alewa suke yi da 'ya'yan, amma wanda ake maganar zuciya a kansa yawanci daga ganye da fure ake tace shi a yi ƙwaya ko kafso. Wanda aka fi gwadawa a jikin mutane shi ne WS 1442 na kamfanin Schwabe da ke Jamus.

To me yake yi a jiki?

Akwai sinadarai a ciki, su flabonoid da dangoginsu, da aka ga suna ɗan buɗe jijiyoyin jini kuma suna ɗan ƙara wa zuciya ƙarfin matsawa. Yawancin wannan bayanin daga ɗakin gwaji ne da jikin dabbobi.

An gwada a mutane kuwa?

Sosai ma, kuma nan ne labarin ya rabu biyu. Jamusawa sun daɗe da yarda da shi, tun 1994 hukumarsu ta magungunan itatuwa ta amince a ba masu gazawar zuciya wadda ba ta yi tsanani ba. A 2008 masu bincike na Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, suka tattara gwaje-gwaje 14 suka duba, suka ga waɗanda aka ƙara wa hawthorn a kan maganinsu haki ya ragu, kasala ta ragu, suna iya jure motsa jiki fiye da waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta. Masu talla dai nan suke tsayawa ba sa ƙarasawa.

A wannan shekarar ta 2008 ɗin aka fitar da sakamakon babban gwajin da ake ce wa SPICE, mutum 2,681 masu gazawar zuciya a ƙasashen Turai, ana ba su miligiram 900 kullum har shekara 2, kuma duk suna kan maganin asibitinsu fa ba a cire musu ba. Abin da ake so a sani shi ne ko zai rage mutuwa da bugun zuciya da kwanciya asibiti, toh da aka haɗa lissafi bambancin bai kai a ce maganin ne ya jawo ba. Wani rukuni a ciki mutuwar fuju'a ta ragu, amma irin wannan sakamako na rukuni ɗaya kawai likitoci ba sa ɗora hukunci a kai. Sai kuma na Jami'ar Michigan a Amurka, mutum 120 wata 6, an auna nisan da za su iya takawa cikin minti 6 ba wani canji, da aka sake bin bayanan ma sai aka ga alamar wasu masu shan hawthorn ciwon ya fi saurin taso musu a farko-farko. Ni dai a ganina yana iya ɗan sauƙaƙa numfashi, amma ba wanda ya nuna yana hana zuciya ci gaba da lalacewa.

Hawan jini fa?

Kaɗan ƙwarai. A Reading ta Ingila an gwada a masu ciwon suga 79 na sati 16, lambar ƙasa ta awon jini ta sauka da abin da bai kai 3 ba. Wanda jininsa ke 170 wannan me zai tsinana masa?

Kenan zan iya ajiye maganin asibiti in koma kansa?

A'a wallahi. Ko hukumar magunguna ta Tarayyar Turai a 2016 matsayin maganin gargajiya kawai ta ba shi, na faɗuwar gaba irin ta damuwa da taimakon barci, shi ma sai likita ya tabbatar ba wani babban ciwo a ƙasa. Ƙafa ta kumbura, ba ka iya kwanciya sai da filo 3, ko ƙirji na ciwo, wannan na asibiti ne yau ba gobe ba.

Yana da illa?

Yawanci ba mai tsanani ba, jiri, tashin zuciya, ɓacin ciki, ciwon kai. Inda ake tsoro shi ne haɗa shi da maganin hawan jini, jini ya yi ƙasa da yawa mutum ya yanke jiki ya faɗi, sannan ga mai shan maganin zuciyar nan digoxin, hawthorn yana iya rikita sakamakon gwajin jinin da ake auna digoxin ɗin da shi, don haka ka tafi da robar ka nuna wa likitanka kafin ka fara. Masu ciki da masu shayarwa ba a yarda su sha ba, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye tunda ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a arewa, likitocin Zariya sun yi rubutu a kai tun shekarun 1970. Mai jego tana haki ƙafa a kumbure, don Allah hoton zuciya za a kai ta a yi, kar a tsaya odar kafso.