Yabo da Godiya a Sujadar Kiristocin Kano

Yabo da godiya su ne ginshiƙin sujada a majami'un da ke ibada da Hausa a birnin Kano, kuma masu bi suna ɗaukarsu a matsayin aikin da ake yi da murya da jiki da dukiya, a gaban jama'a. Tushen wannan al'ada yana cikin Littafi Mai Tsarki, musamman Zabura mai waƙoƙi 150, wadda ta ƙarshenta ta lissafa kayan kiɗan da za a yabi Ubangiji da su, sai kuma umarnin manzo Bulus a 1 Tasalonikawa 5:18 cewa a yi godiya cikin kowane hali.

Ayarin CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, da Bishop Tugwell ya jagoranta, tare da Dokta Walter Miller, ya iso Kano a 1900, amma Sarki Alu bai amince su zauna ba. Daga baya majami'u suka kafu a Sabon Gari, unguwar da aka keɓe wa baƙi a zamanin Turawa, inda galibi aka yi ta sujada da Yarbanci da Ibo da Turanci. Sujada da Hausa ta samu gindin zama bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, da kuma aikin mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wanda ya buɗe asibitin ido a Kano, kuma daga cikinsa majami'ar ECWA ta fito a 1954. Masu halartar sujada da Hausa a yau sun haɗa da 'yan kudancin Kaduna da Filato da Adamawa, da Hausawa Masihiyawa, wato Hausawa Kiristoci, waɗanda kakannin da yawa daga cikinsu Maguzawa ne.

A sujadar Lahadi ana fara waƙa daga Littafin Waƙoƙi, wanda yawancin abin da ke cikinsa fassara ce daga Turanci, ana rerawa a tsaye cikin natsuwa. Majami'a ba ta ɗaukar zafi sosai sai Zumuntar Mata ta miƙe. Matan suna fitowa cikin anko, zane da ɗankwali iri ɗaya, mai ba da waƙa tana bayarwa sauran suna amshi, wata tana buga bakin tulu da faifan soso har ya ba da amo mai zurfi, wata na kaɗa kacau-kacau, guɗa kuwa tana tashi a duk inda baiti ya ratsa zuciya. Su ne ke tsara yawancin waƙoƙinsu, suna ɗauko aya ko labarin Yesu Almasihu su zuba shi a kan karin gida, shi ya sa wanda bai iya karatu ba ma yake haddace Nassi ta bakinsu. Babu shakka wannan ne sashen sujadar da ya fi kama da ƙasar da ake yinta.

Godiya tana da nata lokacin. Iyalin da aka yi wa haihuwa, ko aka ɗaura wa aure, ko wani nasu ya tashi daga jinya, sukan sanar da fasto, a kira su, su taho gaba da rawa, dangi da abokai na biye, su ba da shaida a taƙaice, su ajiye baiko, wato kyautar da ake ba majami'a, a yi musu addu'a. Bayan kaka ana bikin godiya ta girbi, inda ake kawo buhun masara ko dawa, doya, kaji, wani lokaci har akuya, mazauna birni da ba su noma kuma su ba da kuɗi.

A sauran ranakun mako gidaje da dama suna addu'ar safe kafin a watse zuwa kasuwa da makaranta: waƙa ɗaya, karatun 'yan ayoyi, sannan mai gida ko uwar gida ta rufe da addu'a. Akwai taron addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako, a daren 31 ga Disamba kuma ana taruwa a majami'a har a shiga sabuwar shekara ana waƙa.