Igiyar ruwa: kalma ɗaya da aka ɗora wa kayan huɗu

Tun da labaran jiragen ruwa suka yawaita a rediyo da intanet, babu kalmar da ke shan wahala a bakin masu karanta labarai kamar "igiyar ruwa". Jirgi ya kife, a ce igiyar ruwa. Jirgin dakon kaya ya kwana biyu a teku yana jiran izinin shiga kogi, a ce igiyar ruwa. Teku ya haura ya cinye gidajen da ke gaɓa, nan ma igiyar ruwa. Har ruwan da girgizar ƙasa ta turo daga ƙarƙashin tekun Indiya ranar 26 ga Disamban 2004, wanda ya hallaka mutane sama da 200,000, da wannan sunan aka kira shi. Abin yana damuna ƙwarai, domin waɗannan abubuwa ba uwa ɗaya ta haife su ba, kuma mai aiki a kan ruwa da ya kasa bambance su yana iya rasa ransa.

A duba kalmar kanta. Me igiya take yi? Ja take yi, ta ɗaure. Duk wanda ya taɓa shiga kogi ruwa ya kai masa ƙugu ya san abin da nake nufi. Saman ruwan shiru, sumul kamar madubi, amma a ƙasa wani abu yana fizgar ƙafafunka, yashin da ka taka yana zarewa daga ƙarƙashin tafin ƙafarka, ka ɗaga ƙafa ɗaya ka ga ba inda ka nufa ta sauka ba. Wanda ya fara raɗa wa wannan abu suna igiya ya san ruwa. Ruwa ne da kansa yake tafiya daga wani wuri zuwa wani, yana jan duk abin da ke cikinsa. A wurina wannan ce ma'anar kalmar, kuma a nan ya kamata a bar ta. Na san an daɗe ana kiran masu tashi da faɗuwar nan da sunan a hirar yau da kullum, ban kuma ce laifi ba ne a hira. Rahoton haɗari ko hasashen yanayi kuwa wani abu ne daban.

Su masu tashi da faɗuwar suna da sunansu mai kyau: raƙuman ruwa, ko taguwar ruwa, taguwa kuma ai raƙuma ce. Mai harshen ya hango tozaye a jere suna tahowa kamar ayari. Jefa kwalba rufaffiya a ruwa ka zuba mata ido. Raƙumi zai zo ya ɗaga ta, ya sauke ta, ya wuce, ita kuwa tana nan kusan inda take. Siffar ce ke tafiya, ruwan yana kewaya a wurinsa. Iska ce ke haifar da su, girmansu kuma ya danganta da ƙarfinta, da tsawon lokacin da ta yi tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta ratsa. Wasu guguwa ce ta tayar da su a can tsakiyar teku, su yi tafiyar dubban kilomitoci, su iso gaɓa ranar da ko ganye ba ya motsi. Shi ya sa hasashen yanayin teku ba ya tsayawa kan tsayinsu, sai ya faɗi daƙiƙa nawa ke tsakanin wannan da mai bi masa. Raƙumi mai mita 3 da ke zuwa duk bayan daƙiƙa 16 ya fi mai mita 3 na daƙiƙa 7 ɗaukar ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma sai ya taka wuri marar zurfi yake nuna halinsa. Tsayin da ake sanarwa ma matsakaici ne na kashi ɗaya cikin uku da suka fi tsayi, don haka jefi-jefi wani yakan zo ya kusa ninka shi.

Na uku shi ne wanda aka fi zalunta, wato cikar teku da janyewarsa. Ba ruwansa da iska. Wata ne ke jan ruwan duniya, rana tana taya shi da ƙarfin da bai kai rabin nasa ba. A yawancin gaɓoɓi ruwa yakan cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25, saboda haka kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Kusa da tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, rana da wata suna kan layi ɗaya, sai cikar ta yi yawa, janyewar ma ta yi nisa. A mashigin Fundy na Kanada tazarar takan kai kusan mita 16. Abu ne mai lissafi, har tun farkon shekarun 1870 William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya tsara na'urar ƙarfe mai hasashensa. A yau kowace babbar tashar jiragen ruwa tana da jadawalin shekara guda cif, da awa da minti.

Lokacin da jirgin Ever Given mai tsawon mita 400 ya gitta ya toshe mashigin Suwez ranar 23 ga Maris ɗin 2021, an yi kwana shida ana yashe ƙasa ana ja da ƙananan jirage. Wata ya cika ranar 28, aka kuɓutar da jirgin ranar 29. Masu aikin ceton sun san ranar da ruwan zai fi tasowa, ita suke hari. Wanda aka gaya wa "igiyar ruwa ta taimaka" zai ɗauka sa'a ce ta faɗo.

Inda bambancin nan yake zama batun rai da mutuwa shi ne mahaɗar kogi da teku, kuma ban san misalin da ya kai kogin Kolombiya ba, wanda ke arewa maso yammacin Amurka tsakanin jihohin Oregon da Washington. Sunan Columbia, jirgin kyaftin Robert Gray, ya ci, wanda ya shige shi a 1792, tun daga lokacin kuma jirage wajen 2,000 sun halaka a mahaɗarsa da kewayenta, har ake yi wa yankin laƙabi da maƙabartar tekun Fasifik. Ƙarafunan jirgin Peter Iredale da ya kafe a 1906 har yau suna nan tsaye cikin yashi. Duk da haka kogin hanya ce ta kullum. Ta nan alkama mai yawan gaske ke fita daga Amurka zuwa Asiya, manyan jirage suna hawa kimanin kilomita 160 har birnin Portland, ta hanyar da aka yashe zurfinta ya kai ƙafa 43, wajen mita 13, aikin da aka kammala a 2010.

Ga abin da ke faruwa a wurin. Kogi yana kwaso yashi daga nesa, idan ya iso teku gudunsa ya ragu sai ya zube shi, ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa daidai ƙofar shiga. Idan teku yana cika, yakan tura ruwa cikin kogin, tasirinsa har madatsar Bonneville, sama da kilomita 200 daga gaɓa. Idan ya juya yana janyewa, duk ruwan da ya shiga sai ya fito, haɗe da na kogin kansa, ta wannan ƙofa ɗaya da aka matse da katangun duwatsu. Wannan ita ce igiyar ruwa ta gaskiya, kuma gudunta yakan kai ƙulli 4 zuwa 7. Ƙulli shi ne ma'aunin gudu a kan ruwa, kilomita 1.852 a awa, sunan kuma ya samo asali ne daga wata igiyar: matuƙan da suna sakin igiya mai ƙulle-ƙulle a bayan jirgi suna ƙirga nawa suka zare kafin yashin agogo ya ƙare.

To, wannan igiya mai fita ita ke cin karo da raƙuman da ke shigowa daga Fasifik, a kan tudun yashin. Raƙumin da ya ci karo da igiya sai ya tsuke, tsakaninsa da ɗan'uwansa ya gajarta, ya miƙe tsaye kamar bango, kansa ya karye ya zubo. Wurin da ƙaramin jirgin kamun kifi ya ratsa lafiya da hantsi yana iya zama abin da ba ya ratsuwa kafin azahar, alhali iska ba ta ƙaru ba, raƙuman da ke can waje ma ba su ƙaru ba. Ruwan ne kawai ya juya. A lokacin hunturu, da manyan guguwowi ke turo raƙuma masu tsayi, dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka sukan hana ƙananan jirage fita, wani lokaci a rufe ƙofar gaba ɗaya har ga manya.

Yanzu a gwada ba da wannan bayani da kalma ɗaya. "Igiyar ruwa ta juya, sai igiyar ruwa ta haɗu da igiyar ruwa." Me mai sauraro ya ƙaru da shi?

Saboda wannan mahaɗa ne babban jirgi ba ya shiga sai da jagora, mutumin wurin da ya haddace kowane lungu na ruwan. Masu wannan aiki a Kolombiya suna nan tun 1846. Ana kai jagora ne da jirgi mai saukar ungulu a zuro shi, ko kuma da ƙaramin jirgi mai gudu ya raɓi jikin babban, ya jira raƙumi ya ɗaga shi sama, a daidai wannan ƙiftawar ido ya kama tsanin igiya ya hau bangon ƙarfe, sau da yawa cikin dare da ruwan sama. Idan ya tsallakar da jirgin zuwa Astoria, garin da ke kusa da bakin kogin, sai ya sauka, jagoran kogi ya karɓa. Su ma a labarai "matuƙi" ake ce musu, a haɗa su da kyaftin da mai riƙe da sitiyari, amma wannan ƙorafin wata rana ne.

Jagora yana duba abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tambayarsa. Cika da janyewa su ke gaya masa ko akwai isasshen zurfi, domin jirgin da aka maƙare da hatsi tazarar da ke tsakanin cikinsa da ƙasa kaɗan ce, ga shi ruwan kogi bai kai na gishiri nauyi ba, jirgi ya fi nutsewa a cikinsa. Shi ya sa ake tsara lokacin tashinsa daga tasha don ya iske wurare marasa zurfi ruwa na cike. Igiya ita ke gaya masa yadda jirgin zai ji magana. Jirgin da ke gudun ƙulli 12 yana fuskantar igiya mai ƙulli 5, ƙulli 7 kawai yake ci a ƙasa, amma akalarsa tana hannu. Idan igiyar tana bayansa, gudu ya ƙaru, wurin tsayawa ya yi nisa, kwana ta yi wuyar sha. Raƙuma kuma su ke gaya masa nawa jirgin zai yi sama ya dawo ƙasa a kan tudun yashin, kada a dawowar ya daki ƙasa. Ga hazo, ga iskar da ke tura jikin jirgin da babu kaya a cikinsa kamar tanti.

Wanda ke son ganin igiyar da idonsa, ya kalli jiragen da suka jefa anka a gaban Astoria suna jiran layin lodi. Duk hancinsu wuri ɗaya yake kallo, inda ruwa ke fitowa. Idan teku ya juya, sai ka ga ƙattin nan sun fara kewayawa a hankali a kan sarƙoƙinsu, ba injin da aka tayar, har kowanne ya ba da baya inda ɗazu ya ba da gaba.

Na huɗu ba sai na daɗe a kansa ba. Ruwan da guguwa ke tarawa ta tura kan tudu ambaliyar teku ce, wanda girgizar ƙasa ke turowa kuma duniya ta san shi da sunami, mu ma mu kira shi haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kalmar ta zama mayafin sakaci. Da zarar an ce "igiyar ruwa mai ƙarfi ce ta kifar da jirgin", magana ta mutu, kowa ya yi shiru, kamar abu ne da ya faɗo babu sanarwa. Mun yarda da ƙaddara, amma lokacin janyewar ruwa a rubuce yake tun bara, tsayin raƙuma kuma an sanar da shi tun jiya. Ɗan jaridar da ya bambance su shi zai iya tambaya: ƙarfe nawa jirgin ya fita, ruwa yana cika ne ko yana janyewa, me hasashe ya ce, wa ya ba da izini, kaya nawa aka ɗora? Wanda kalma ɗaya ce a bakinsa ba shi da hanyar isa ga ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan, iyalan waɗanda suka nutse kuma ba za su taɓa jin amsarsu ba.

Gyaran bai fi ƙarin kalmomi kaɗan ba. Maimakon "an dakatar da jirage saboda igiyar ruwa", mai karanta labari ya ce an dakatar da su ne saboda manyan raƙuman ruwa sun haɗu da janyewar teku a mahaɗar kogin, ana kuma sa ran buɗe hanya idan ruwa ya fara cika. Sai ya duba jadawali ya faɗi ƙarfe nawa ne.