Mayar da injin turbo na jan gaba zuwa jan baya

Mayar da injin turbo na jan gaba zuwa jan baya aiki ne da masu haɗa motocin sha'awa ke yi: a ciro inji daga motar da tayoyin gaba ke ja, inda yake kwance a gicciye, a miƙar da shi a dasa a motar da tayoyin baya ke turawa. Wanda ya taɓa buɗe bonet ɗin Peugeot 504 da na 406 ya ga bambancin da idonsa. A 504 inji na miƙe, giya na bayansa, farfela ta bi ƙarƙashin mota zuwa aksil ɗin baya. A 406 kuwa inji da giya suna gefe da gefe tsakanin tayoyin gaba. Aikin ya fi yaɗuwa a Suwidin da Norwe da Finlan da Amurka, kuma misalin da ya fi shahara shi ne injin Volvo mai silinda biyar.

Dalilin yin sa

Daga shekarun 1980 yawancin kamfanoni suka koma ƙera motocin jan gaba, don sun fi arha kuma sun fi barin fili a ciki. Injinan turbo masu ƙarfi da yawa a waɗannan motocin aka haife su. Su kuwa masu wasan zamiya da mota, da masu tseren gajeren zango, jan baya suke so, saboda idan aka taka mai nauyi yana komawa baya, tayoyin gaba su yi ta kartar ƙasa a banza. Sai ya zama ga inji mai kyau a motar da ba a so, ga motar da ake so da injin da ya gaji. Da motocin 1990 suka tsufa suka cika filayen ɓaraguzai, injinansu suka yi arha, sai haɗin ya zo da kansa.

Injin Volvo

Volvo ta fito da 850 a 1991, motar jan gaba mai silinda biyar a gicciye. A 1993 aka ƙara mai turbo, lita 2.3, bawul 20, ƙarfin doki 225, da turbo ƙirar Mitsubishi. Gangar injin ta alminiyam ce, shi ya sa masu harkar ke ce masa farin inji, don bambanta shi da tsohon injin ƙarfe mai jan fenti na 240 da 740 da 940. Motar da aka fi dasa shi a ciki ita ce 240, wadda aka ƙera daga 1974 zuwa 1993.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin sa'a ce ta tarihi. Wannan dangin injina, da aka ƙera a garin Skövde na Suwidin, ba a 850 ya fara ba. Ya fara ne a 1990 a Volvo 960, mai silinda shida, a miƙe, jan baya. Mai biyar ɗin ƙaninsa ne da aka rage wa silinda ɗaya, kuma fuskar da giya ke ɗauruwa a kai iri ɗaya ce. Ke nan giyar hannu ta M90 da aka sa wa wasu 960 tana hawa injin 850 ba tare da an sassaƙa komai ba. Sai dai a kula: M90 ta 940 an yi ta ne don tsohon injin mai jan fenti, bakinta daban, ba ta shiga. Ta 960 ɗin kuma ba ta da yawa, don akasarin 960 otomatik ne, saboda haka tsadarta kan wuce ta injin kansa.

Abubuwan da ke juya baya

Wanda bai taɓa yi ba yakan ɗauka giya ce babbar matsala. A gaskiya ƙananan abubuwa ne ke cin watanni. A 850 ɓangaren bel ɗin taimin yana dama, ɓangaren giya yana hagu, kuma a hagun nan akwai fili, don haka can injiniyoyi suka tara kaya. Da an miƙar da injin, bel ya koma gaba, duk abin da ke wancan gefen sai ya manne da bangon da ya raba inji da direba.

Na farko dilko, mai raba wa fulogai wuta. Yana maƙale ne a ƙarshen sandar bawul ta shigar iska, daidai inda bango yake. Wasu kan daki bangon da guduma ko su yanke shi su yi masa aljihu, aikin da ba ya kyan gani. Waɗanda suka fi sanin hannunsu sukan cire dilkon gaba ɗaya, su sa wa kowane fulogi kwayil ɗinsa, kamar yadda 960 take tun farko, kuma kamar yadda Volvo ta yi wa masu silinda biyar daga ƙirar 1999.

Na biyu bakin shigar iska, wanda shi ma bango yake kallo. Ana yanke shi a toshe, a buɗe wani ta gaba a yi walda, ko a ƙera sabon bututun iska ɗungurungum. Haka turbo: bakin da ke shan iska ya koma baya, na fitar hayaƙi ya koma gaba, alhali salansa baya za ta bi. Sai an juya shi, a sake jan bututun mai da na ruwa da ke shiga cikinsa. Bututun da ke mayar da mai daga turbo dole ya gangara sosai, don nauyinsa kaɗai ke saukar da shi. In ya kwanta, mai ya taru a turbo, mota ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, mai ita ya yi ta zargin fistin.

Kwanon baƙin mai

Nan ne aikin ya fi neman haƙuri. Kwanon 850 yana da zurfi a inda ƙarfen da ke riƙe ƙafafun gaba da sandar sitiyari suka ratsa a 240. Maganin da aka saba shi ne a samo kwanon 960, a yanke tsawon silinda ɗaya daga cikinsa, a haɗe biyun da walda. Alminiyam ne da ya sha mai shekara da shekaru, kuma man yana ɓoye a ƙofofin ƙarfen, yana tasowa da zafi ya ɓata waldar. Don haka ake wanke shi, a gasa, a sake wankewa. Ana ɗaure shi da noti a jikin wata tsohuwar ganga kafin a kunna wuta, in ba haka ba ya karkace. Karkacewa kuwa ba ta da magani mai sauƙi, domin wannan injin ba shi da gasket a kwano, wani siririn manne ake shafawa, wanda ba ya cike giɓi. Bayan an gama sai a cika shi da kananzir a ajiye kan takarda ya kwana. Ɗigo ɗaya da safe, a koma teburin walda.

Bututun da ke tsotso mai daga ƙasan kwano shi ma sai an gajarta shi. A motar zamiya ana ƙara shinge a ciki, saboda idan mota ta daɗe tana tafiya a karkace mai yakan gudu gefe guda, famfo ya sha iska, kuma daƙiƙu kaɗan sun isa su cinye metal ɗin da karanshaf ke juyi a kai.

Kuloci, giya da aksil

Giyar jan gaba tana riƙe sandarta da kanta, ta jan baya kuwa yawanci tana buƙatar ƙaramin boris a cikin gindin karanshaf. Manta shi kuskure ne da ake ganowa bayan an ɗaure komai. Fulawil ma ba a zaɓensa da ka, don na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar inji inda fistin yake a jikinsa take karatu, jerin alamomi 60 da aka cire biyu. In jerin ya goce, injin zai yi ta juyi ba ya tashi.

M90 tana da rauni a giya ta uku, kuma masu ƙara wa turbo iska sukan bar ta su koma giyar BMW ta dizal, ƙirar ZF ko Getrag, da faranti a tsakani ko a yanke bakin a yi walda. Farfela a aune ake yin ta. Aksil ɗin 240 yana jure ƙarfin asali, amma da an wuce nan wasu kan sa na Ford. Injin kansa ba a cika jin gangarsa ta fashe ba; sandunan fistin ne ke lanƙwashewa idan turbo ya cika da wuri injin yana juyi a hankali, shi ya sa su ake fara canzawa.

Wasu injinan

Saab ta ba da irin wannan dama ba da niyya ba. Bayan General Motors ta sayi rabin kamfanin, injinan B204 da B234 na 1994 zuwa sama suka zo da fuskar giya irin ta Opel, don haka giyar Opel Omega, motar jan baya, tana hawa su. A Amurka an fi yi da injin Mitsubishi 4G63 na motar Eclipse, inda gidan na'urar daidaita zafin ruwa ke ƙarewa a jikin bango, sai an maido shi gaba kusa da lagireto.

Doka

A Suwidin motar da aka yi wa babban sauyi sai ta bi ta hannun masu duba na ƙungiyar SFRO kafin a yi mata rajista a matsayin wadda aka sake ginawa, kuma suna duba birki da walda da ƙarfin inji gwargwadon nauyin mota. Da yawa ba sa neman lamba ma. A kan tirela suke jan motocin zuwa tarukan wasan mota na Gatebil, a filin Rudskogen na Norwe ko Mantorp Park na Suwidin, inda ake gane mai silinda biyar tun daga nesa da sautinsa, wanda ke fitowa daga jerin kunnawarsa na 1-2-4-5-3.