Ajandar zaman kwamitocin kula da kashe gobara a Kaliforniya

A jihar Kaliforniya ta Amurka, yankuna da yawa ba sa ƙarƙashin 'yan kwana-kwanan wani babban birni. Suna da gundumar kashe gobara mai cin gashin kanta, wadda galibin kuɗinta daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Dokar jihar ta 1987 ta tanadi cewa kwamitin mutum uku, biyar, bakwai, tara ko goma sha ɗaya ne zai kula da irin wannan gunduma, kuma a wurare da dama mazauna yankin ne ke zaɓensu. Kwamitin ne ke ɗaukar shugaban 'yan kwana-kwana aiki, shi ke amincewa da kasafin kuɗi da manyan kwangiloli. Ajanda kuwa takarda ce da ke jera batutuwan zama, kuma a doka ita ce iyakar abin da kwamitin zai iya zartarwa a ranar.

Dokar Brown

Tushen ƙa'idojin shi ne Dokar Brown ta 1953, wadda ta ci sunan ɗan majalisar jiha Ralph M. Brown. Ta wajabta a kafe ajandar zaman yau da kullum aƙalla awa 72 kafin a zauna, a wurin da kowa zai iya isa ya karanta. Shi ya sa ake yawan ganinta cikin akwatin gilashi a jikin bangon tashar 'yan kwana-kwana ta waje, inda mai wucewa ko da tsakar dare zai iya tsayawa ya duba. Gundumar da ke da shafin intanet sai ta ɗora a can ma. Zaman musamman sanarwar awa 24 yake buƙata, kuma ba a taɓa komai a cikinsa sai abin da aka kira shi dominsa.

Kowane batu sai an yi masa taƙaitaccen bayani, wanda doka ta ce yawanci bai zama dole ya wuce kalma 20 ba. Nan ne gwanintar mai rubutu take bayyana. Idan aka rubuta "al'amuran kayan aiki" alhali ana shirin sayen sabuwar motar kashe gobara, an cika shafi amma ba a sanar da kowa komai ba. Mai biyan haraji yana da haƙƙin ya gane daga layi ɗaya ko batun ya isa ya bar aikinsa ya halarta.

Yadda ake haɗa ta

Yawanci shugaban 'yan kwana-kwana da sakataren kwamiti ne ke tsara daftari, sannan shugaban kwamiti ya duba. Ƙananan al'amuran da ba a sa ran gardama a kansu, kamar bayanin zaman da ya gabata da takardun biyan kuɗi, akan haɗa su rukuni ɗaya a amince da ƙuri'a guda, amma mamba na iya cewa a zare ɗaya a tattauna shi daban. Sauran sun haɗa da rahoton shugaban 'yan kwana-kwana kan kiraye-kirayen gaggawa da horon ma'aikata, batutuwan da suka rage daga baya, da sababbi. Kalanda ma tana tsara wasu da kanta: kasafin wucin gadi sai an amince da shi zuwa 30 ga Yuni, na ƙarshe kuma zuwa 1 ga Oktoba.

Dole a ware lokacin da jama'a za su yi magana, a kan batutuwan ajanda da kuma duk abin da ya shafi hurumin kwamitin. Ko zaman sirri, wanda aka yarda da shi don shari'a, sha'anin ma'aikaci, cinikin fili ko sasantawa da ƙungiyar ƙwadago, sai ya fito a takardar. An kuma hana yawancin mambobi su daidaita baki ta waya ko saƙo ɗaya bayan ɗaya kafin zama, domin yin haka yakan mayar da zaman fili wasan kwaikwayo.

Abin da ba ya cikin ajanda

Idan wani ya miƙe ya koka cewa motar kashe gobara ta makara zuwa unguwarsu, mambobi na iya ba shi gajeriyar amsa, ko su umarci ma'aikata su bincika a saka batun a zama na gaba. Hukunci dai ba za su yanke ba. Togaciya uku ce kawai: gaggawa irin wadda doka ta fayyace, ko kashi biyu cikin uku na mambobin da ke wurin su yarda cewa matsalar ta taso bayan an kafe ajanda kuma ba za ta jira ba, ko batun da aka ɗago daga zaman da bai wuce kwana biyar ba.

Wanda ya ga an karya ƙa'ida zai iya rubuta wa kwamitin takardar neman gyara. Kwamitin yana da kwana 30 ya warware abin da ya yi, in ya ƙi, mai ƙorafi na iya zuwa kotu ya nemi a soke hukuncin.