Ajin Boris a Injinan Sassaƙa Ƙarfe: Me P4 da ABEC 7 Suke Nufi?

Me ake nufi da ajin boris?

Boris zobba biyu ne na ƙarfe, na ciki da na waje, da ƙwallaye ko makamantansu a tsakani domin sanda ta juya cikin sauƙi. Babu masana'antar da za ta ƙera boris biyu su fito daidai wa daida har iyakar awo. Dole a sami ɗan kauce. Aji shi ne iyakar kaucen da aka yarda da ita: faɗin ramin zoben ciki, faɗin zoben waje, kaurinsu, da kuma yawan rawar da zobe yake yi in yana juyawa. Ana auna wannan da maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Silin gashin kan mutum yakan kai wajen maikiron 70, a nan kuwa ana maganar biyu ne zuwa goma sha biyar.

Me ya sa lambobin suke ruɗa mutane?

Saboda tsari biyu ne, kuma kowanne ya fuskanci nasa ɓangaren. Tsarin ABEC na ƙungiyar masu ƙera boris ta Amurka, ABMA, yana hawa ne: 1, 3, 5, 7, 9, kuma 9 ne gwani. Ma'aunin duniya na ISO 492 da na Jamus, DIN 620, su kuma sauka suke yi: P0, P6, P5, P4, P2, kuma P2 ne gwani. Japan ma sauka take yi a ma'auninta na JIS. A taƙaice ABEC 1 ya yi kusa da P0, ABEC 3 da P6, ABEC 5 da P5, ABEC 7 da P4, ABEC 9 da P2. A biyar kaɗai suka haɗu.

Bambancin yana da yawa ne har haka?

Ɗauki boris mai rami tsakanin milimita 30 da 50. A ajin P0 an yarda zoben ciki ya yi rawa har maikiron 15. A P6 goma ne, a P5 biyar, a P4 huɗu, a P2 kuwa 2.5. Babban tsallen yana tsakanin P0 da P5. Daga P4 zuwa P2 maikiron ɗaya da rabi ne kacal ake saya, kuma da tsada ake sayensa.

Dalilin da ya sa wannan ya dami mai injin shi ne sifindil, sandar da ke juya wuƙar yanka ko ƙarfen da ake sassaƙawa. Duk rawar da boris ɗinta ya yi, a jikin aikin take bayyana: rami ya ƙi zama zagaye, fuskar ƙarfe ta fito da layi-layi, bakin wuƙa ya cinye da wuri. In gudu ya kai juyi dubbai a minti ɗaya, wannan ƴar rawa takan zama girgiza da zafi. Shi ya sa P4 ya zama ajin da aka fi sa wa sifindil, ake ajiye P2 don injinan wasa ƙarfe masu tsananin daidaito. Kamfanoni ma sun fito da azuzuwan tsakiya, irin su P4A na SKF da P4S na FAG, waɗanda juyawarsu ta fi ta P4 daidaito.

Ke nan babban aji ya fi ƙarko da ɗaukar kaya?

A'a. Wannan kuskure yana sa mutane asarar kuɗi sosai, kuma abin yana damuna. Aji bai ce komai ba game da ingancin ƙarfen, ko irin giris, ko nauyin da boris zai ɗauka, ko tsawon rayuwarsa. Bai kuma shafi sararin da ke tsakanin ƙwallaye da zobba ba, wanda ake rubutawa C2 ko C3. Mutum ya ga C3 a kwali ya ɗauka aji ne, alhali yana nufin sararin cikin ya fi na yau da kullum ne, domin wurin da zafi zai kumbura ƙarfe. Famfon ruwa ko injin lantarki na gama-gari P0 ya wadatar da su.

In na sayi P4, shi ke nan injina zai daidaita?

Sai in mazauninsa ya kai shi. Zoben boris siriri ne, yana bin siffar abin da aka ɗora shi a kai. In sandar ba zagaye take ba, ko kafaɗar da zoben ke jingina a karkace take, P4 zai yi rawa irin ta P0. Ƙwayar ƙura ɗaya a bayan zobe ta isa ta ɓata lissafi. Haka zafi: ƙarfe mai faɗin milimita 50 in ya ƙara digiri 10 yakan buɗe da kusan maikiron 6, ya zarce duk rawar da aka yarda wa P4. Domin haka a digiri 20 na Salsiyas ake ɗaukar awon ma'auni.

Sannan boris ɗin sifindil galibi masu ɗaukar nauyi a karkace ne, a kusurwar digiri 15 ko 25, kuma bibbiyu ko fiye ake ɗaura su, baya da baya, ko fuska da fuska, ko a jere. Masana'anta ta riga ta wasa gefunansu yadda in aka matse su ƙwallaye za su zauna daram ba tare da motsi ba. In matsin ya yi kaɗan sifindil ya yi lako-lako, in ya yi yawa ya ɗau zafi.

Za a iya canza ɗaya a bar ɗaya?

Kada a yi. A canza saitin gaba ɗaya. A duba alamar da ke jikin zobban waje, wadda a wasu saitin take haɗuwa ta ba da siffar V in an jera su daidai. Akwai kuma ɗigon da ke nuna inda zobe ya fi tudu. Ƙwararren makaniki yakan ajiye shi a kishiyar inda sandar ta fi tudu, wato a ɗaya ɓangaren, domin kaucen biyu su rage wa juna. Kada a buɗe ledar sai lokacin ɗaurawa, kada a buga da guduma, kuma bayan an ɗaura a fara juya sifindil a hankali, ana ƙara gudu mataki-mataki ana lura da zafi, har giris ya baje.