Magungunan ciwon damuwa, raunin tattara hankali da jarabar shaye-shaye a wajen manya

Ciwon damuwa, da raunin tattara hankali, da jarabar shaye-shaye lalurori ne daban-daban, amma sukan taru a kan mutum guda, kuma idan suka taru, maganin da za a ba wa ɗaya ya danganta ne da halin da sauran biyun suke ciki. Shi ya sa a sashen ƙwaƙwalwa na manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, tambayar abin da majinyaci yake sha takan zo kafin rubuta magani.

Yawancin magungunan ciwon damuwa na zamani suna ƙara sinadarin serotonin da ke isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Daga cikinsu akwai satralin da fuluksetin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1987 da sunan Prozac. Amitiriftilin ya girme su kuma ya fi araha, sai dai yana kawo barci da bushewar baki, kuma shan sa fiye da ƙima yana iya taɓa bugun zuciya. Dukkansu sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan samun sauƙi. A nan ne mutane da dama suke yin kuskure, domin bayan kwana goma sai mutum ya ce maganin bai karɓe shi ba, ya ajiye.

Babban haɗari yana tattare da tiramadol, wanda matasa suke kira tiramol. Ban da rage zafin ciwo, shi ma yana ƙara serotonin, don haka haɗa shi da maganin damuwa kan iya jawo zazzaɓi, da rawar jiki, da ruɗewa, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Lamarin ba ƙarami ba ne: binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekarar da ta gabace shi, kuma a 2018 ɗin ne gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Ga wanda ya kamu da jarabar ƙwayoyi irin su tiramadol da kodin, metadon da bufrenofin suna kwantar da ƙishin su ƙarƙashin kulawar likita, naltirekson kuwa, wanda ke hana ƙwayar sa maye, ba a fara shi sai jiki ya yi kamar mako guda babu ƙwaya. Wanda ya daɗe yana shan giya, burkutu ce ko goskolon da ya addabi wasu unguwannin Jos, daina ta farat ɗaya na iya halaka shi, saboda haka akan ba shi diyazefam na 'yan kwanaki tare da bitamin B1.

Raunin tattara hankali yakan zo ƙarshe a jerin jinya, domin shaye-shaye da damuwa duk suna kwaikwayon alamominsa, kuma ba a tabbatar da shi sai an gano ya faro tun kafin shekara 12. Sau da yawa iyaye ko yayye ne ke iya ba da wannan shaida. Metilfenidet, maganin wannan raunin da aka fi sani da Ritalin, yana aiki cikin sa'a guda, amma doka ta tsaurara bayar da shi saboda ana iya yin maye da shi. Ga mai murmurewa daga shaye-shaye, likita kan fifita atomoksetin, wanda ba ya sa jaraba, ko da yake sai bayan makonni ake ganin tasirinsa.